Sakan Biyun Da Ba Sa Isar Mai Keke

Aikina shi ne lissafin danja. Ni injiniyan hanya ne, kuma shekarun da na yi ina wannan sana'a yawancinsu a bakin mahaɗar tituna na yi su, da takarda da biro da agogo, ina ƙirga abin da ya wuce domin a san hannun da za a ba koriyar wuta ta sakan arba'in da wanda ashirin za ta ishe shi. Mutane da yawa sun ɗauka fitilar da kanta take yanke shawara. Mutum ne ya zauna ya rubuta mata lambobin da take bi, kuma a wasu mahaɗun Kano ni ne wannan mutumin.

Wata safiya cikin hunturu ina tsaye a wata babbar mahaɗa, hazo bai gama washewa ba, sai ga wani dattijo a kan tsohon Raleigh. Ya ɗaure kwandon tumatir a kariya da igiyar roba, wani buhun ganye kuma yana rataye a gaba. Daga yadda yake danna feda za ka san daga nesa ya taso. Fitila ta juya ruwan ɗorawa. Wata bas da ke gabansa ta ƙara wuta ta wuce, shi kuma ya bi bayanta. Ja ta kama yana kan layi. Kafin ya ci rabin mahaɗar an saki ɗaya hannun, motoci da Adaidaita Sahu suka taso gaba ɗaya. Na farko ya kauce masa, na biyu ya kauce, na ukun, wani mai Adaidaita, bai ma gan shi ba domin na gabansa ya tare masa. Ya daki tayar baya. Tumatir ya watsu a kwalta, dattijon ya faɗi a kan ƙugunsa.

Na riga kowa isa wurinsa. Na ce, "Sannu Baba, kada ka yunƙura, bari a kawo mota." Yana riƙe da hannuna, yana numfashi sama-sama, ya ce, "Ɗana, ai na ga motar gabana ta wuce."

Jama'ar da suka taru sun gama yanke hukunci tun kafin a ɗaga shi: shi ya karya danja. Kuma gaskiya suka faɗa, a idona aka yi. Amma maganar da ya yi mini ta hana ni sakat, domin na san abin da shi bai sani ba. Motar gabansa ta wuce lafiya ne saboda da ita aka yi lissafin fitilar. Shi ba a yi da shi ba.

Tsakanin lokacin da koriya ta mutu a hannunka da lokacin da ta kama a hannun da zai gitta, akwai ɗan tsaiko da muke ajiyewa da gangan. Da farko ruwan ɗorawa, wadda a mafi yawan wurare ba ta wuce sakan uku zuwa biyar. Daga nan sai wani ɗan lokaci da kowane hannu yake kan ja, ba wanda aka ba izini, domin wanda ya shiga a ƙurarren lokaci ya samu ya fice. Wannan na biyun sau da yawa sakan ɗaya ne ko biyu. To, motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Mahaɗa mai faɗin mita 30, sakan biyu da 'yan kai sun ishe ta. Keken saurayi mai ƙarfi a jika, wanda ba ya ɗauke da komai, yana gudun kilomita 15 a awa, yana bukatar sakan bakwai. Keken dattijo mai kwandon tumatir, wanda da ƙyar yake kai kilomita 10 a awa, yana bukatar kusan sakan goma sha ɗaya. Idan ya taka layi daidai lokacin da ja ta kama, sakan biyun nan za su ƙare bai ci mita shida ba. Sauran mita ashirin da huɗun zai yi su ne a gaban motocin da aka riga aka ce su taho.

Kuma ko sakan biyun ba ya samunsu cikakku. A danjojin da ke nuna lambar ƙirge, duk wanda ya taɓa tsayawa a sahun gaba ya san yadda ake yi. Lamba tana kan uku an sa giya, tana kan biyu na baya ya fara danna ham, tana kan ɗaya an tashi. Ana gutsurar ɗan tsaikon nan ta baki biyu, mai shiga a makare yana ci ta nan, mai tashi da wuri yana ci ta can, kuma wanda ya fi kowa jinkirin ficewa shi ake ritsawa da shi a tsakiya.

Da na koma ofis a ranar na ɗauko takardar ƙirgen da na yi shekaru ina amfani da ita. Akwai gurbin ƙananan motoci, akwai na bas, na manyan motoci, na Adaidaita Sahu, na babur. Babu gurbin keke. Ni na tsara takardar da hannuna. Duk lissafin da na taɓa yi a wannan mahaɗa, na yi shi ne kamar ba mai keke ko ɗaya da ke bi ta wurin, alhali kullum suna wucewa ta gabana: masu kai kayan gwari kasuwa, 'yan makaranta, masu gadi da suka tashi aikin dare, masu tallar burodi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma sun ƙaru, har da ma'aikata masu manyan riguna da suka jingine babur suka kakkaɓe tsohon keken da ke ɗaki.

Muhawara a kan masu keke da jar wuta ta daɗe tana zafi a ƙasashen Turai da Amurka, kuma na zauna a Ingila na ɗan lokaci ina karatu, na ji ta da kunnena, na kuma hau keke a titunansu. Direbobi a can suna cewa masu keke sun mai da kansu shafaffu da mai: ba lamba, ba lasisi, ba inshora, su keta ja a gaban kowa su wuce. Masu keke kuma suna cewa a duba gawarwaki a ga abin da ke kashe mutane a titi, mota ce ko keke. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani. Sai dai abubuwa biyu da suka faru a Landan sun nuna cewa kowane ɓangare yana da gaskiyar da ba za a ture ba.

A watan Nuwamban 2013, cikin mako biyu kacal, masu keke shida suka mutu a titunan birnin, dukansu a karo da manyan motoci ko bas. Haɗarin da ya fi cin masu keke a can sananne ne: mai keke ya tsaya a danja a gefen babbar mota, daf da bakin titi, a wurin da direba ba ya iya ganinsa daga kujerarsa. Koriya ta kama, motar ta karya kwana, tayoyin baya suka bi ta kansa. Wanda hakan ta faru da shi sau da yawa bai karya doka ba, ya tsaya ne kamar yadda aka ce ya tsaya. Daga nan ne wasu masu keke suke kafa hujjar cewa gara su sulale kafin a saki motoci. Hukumomin birnin ba su amince da hujjar ba, amma sun amince da matsalar. Tun watan Maris na 2021 suka fara tilasta wa motocin da suka haura tan 12 cika ƙa'idar yadda direba zai iya ganin gefensa kafin su shiga birnin.

Na biyun a watan Fabrairun 2016 ya faru, a titin Old Street. Wani matashi ɗan shekara 18, a kan keken tsere da ba shi da birkin gaba, ya buge wata mata mai shekara 44 tana tsallaka titi, ta rasu a asibiti. Ba batun jar wuta ba ne, batun birki ne, amma ya rufe bakin masu cewa keke ba ya kisa. Da aka zo shari'a sai da aka koma wata doka ta shekarar 1861, ta zamanin keken doki, kafin a samu abin da za a kama shi da shi, aka ɗaure shi wata 18. Duk lokacin da na tuna wannan shari'a sai in tuna yaranmu da ke taka tayar gaba da silifa idan za su tsaya, domin robar birkin ta cinye tun bara.

Wasu wuraren kuma doka ce ta sassauta. Jihar Idaho a Amurka ta ware wa masu keke nasu hukuncin tun 1982. Yadda dokar take a yau, mai keke dole ya tsaya cak a jar wuta, ya duba, in ba abin da ke tahowa ya wuce ba tare da jiran koriya ba. Jihar Kolorado ta ɗauki irin wannan a 2022, ga waɗanda suka kai shekara 15. Faransa ta bi wata hanya tun 2012: ana maƙala ɗan ƙaramin allo mai kusurwa uku a jikin sandar danja, da hoton keke da kibiya, yana nuna hannun da mai keke zai iya bi ko da ja ce, bisa sharaɗin ya ba masu tafiya a ƙasa da motocin da ke da koriya hanya. Inda babu allon, babu izinin. Birnin Paris ya baza shi a mahaɗu masu yawa daga 2015.

An sha tambayata, har a cikin abokan aiki, ko irin wannan zai yi mana. Amsata a'a ce, a yanzu dai, kuma ba don ina ganin dokokin nasu shirme ba ne. Ku duba abin da suka ginu a kai. A Idaho sai ka tsaya tukuna. A Faransa injiniya ne ya je ya auna mahaɗar, ya tabbatar ana hangen nesa ta kowane ɓangare, sannan ya maƙala allon. Dukansu kuma sun dogara ne da cewa sauran masu amfani da titin suna yin abin da ake zato: mai koriya yana kan hannunsa, ba wanda ke tahowa ta hannun da ba nasa ba, ba wanda ya tashi kafin lokacinsa. Mai keke a Paris yana duba hannu ɗaya ya san daga nan kaɗai abu zai fito. Mai keke a Kano ya duba hagu ya duba dama, sannan babur ya ɓullo masa ta inda ba hanya. Abin da dattijon nan ya yi, bin bayan mota ja tana kamawa ba tare da tsayawa ba, ko a Idaho laifi ne, kuma a can ma zai iya karya masa ƙugu.

Na san abin da ke sa mai keke ƙin tsayawa, kuma ba na raina shi. Direba idan ya tsaya, ƙafarsa kawai zai matsa ya tashi, fetur ne ke yin aikin. Mai keke da cinyarsa ya tara gudun nan, in ya taka birki ya zubar da shi, sai ya sake tarawa daga farko. In akwai buhu a baya, tashin ma kansa haɗari ne, keken yana tangaɗi hagu da dama a 'yan mitocin farko, motoci kuma suna matse shi. Ga rana, ga hayaƙin salansa a fuska. A wasu ƙasashen akwai ƙarin dalili: danjojinsu suna aiki da wata waya da aka binne a kwalta mai jin ƙarfen mota, wani lokaci ba ta jin keke, sai mutum ya yi ta tsayuwa ja ba ta sauya ba. Mu nan yawancin danjojinmu a kan ƙayyadadden lokaci suke juyawa, ko da mota ko babu, saboda haka wannan uzurin bai shafe mu ba. Jiran da wuya ya kai minti biyu.

Abin da nake so mai keke ya riƙe shi ne, ruwan ɗorawa a wurinsa ja ce. Direba yana iya samun kansa daf da layi har tsayawa ta fi wucewa haɗari, amma mai keke da birki mai kyau yana tsayawa cikin 'yan mitoci. Kada ka auna kanka da motar gabanka, ta ninka ka gudu sau uku ko sau biyar. Ko koriya ce ma, in ka hango ta daga nesa ta daɗe a kunne, ko lamba ta sauko ƙasa da goma, mahaɗar kuma mai faɗi ce, kana ɗauke da kaya, sauke ƙafarka ka jira zagaye na gaba. In za ka tsaya kuma, kada ka kutsa tsakanin tirela ko tifa da bakin titi. Tun 1972 muke tuƙi a hannun dama, don haka wurin da ke cin mutum a nan shi ne gefen dama na babbar mota, ɓangaren da yaron mota ke zama, nesa da idon direba. Ka tsaya a bayanta, ko ka wuce gabanta sosai inda za ka ɗaga kai ka ga fuskar direban. In ba ka ga fuskarsa ba, kai tsaye ko ta madubi, shi ma bai gan ka ba. A mahaɗar da ta fi ƙarfinka, ba abin kunya ba ne ka sauka ka tura keken ka tsallaka tare da masu tafiya a ƙasa.

Su ma masu tafiya a ƙasan suna da haƙƙi a kanka. Jar wutar da ta tsayar da kai ita ce kaɗai damar da tsohuwa mai sanda take da ita ta tsallaka, ita da yaron da ke jan makaho da 'yar firamare mai jakar littattafai. Sun ga motoci sun tsaya sun sako ƙafa, ba sa jin tahowarka domin keke ba ya ƙara. Mutum da kekensa da kayansa suna iya haura kilo ɗari, kuma ƙashin tsoho ba ya bukatar fiye da haka.

Ga direbobi kuwa, nauyin da ke kanku ya fi na kowa, domin abin da kuke riƙe da shi ya fi kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce ta fi kowace asara. Ingila ta shigar da wannan fahimtar cikin ƙa'idojin hanyarta a watan Janairun 2022, cewa wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar alhakin kula. Koriya izini ce ta tafiya idan mahaɗar ta washe. In ta kama, ka ba ta sakan ɗaya, ka dubi tsakiyar titin kafin ka saki kuloci. In kuma na gabanka ya yi wata kaucewa da ba ka gane dalilinta ba, akwai abin da ya gani wanda kai ba ka gani ba tukuna. Mai Adaidaitan da ya buge dattijon nan ba mugu ba ne. Ya zauna a bakin kwalbati ya dafe kai yana ta salati, shi ne kuma ya ɗauke shi zuwa asibiti. Koriyarsa ce, amma na tabbata da za a mayar masa da sakan ɗayan nan da ya karɓa hannu biyu.

Saura mu masu lissafi. Abu mafi sauƙi a baki shi ne a tsawaita lokacin da kowa ke kan ja, amma yana da iyaka. Duk sakan da ka ƙara, ka cire shi ne daga koriyar wani, layi ya ƙara tsawo. In ya yi yawa kuma direbobi suna ganewa, su fara cewa ai akwai sauran lokaci, su cinye abin da ka ƙara. Akwai dabarun da suka fi wannan. A Ingila ana ja wa motoci layinsu baya da 'yan mitoci, a bar fili a gaba inda masu keke za su taru a idon kowa. A wasu mahaɗun akwai ƙaramar fitila ta masu keke da ke ba su koriya 'yan sakanni kafin motoci, su gama tangaɗinsu su daidaita kafin a taso musu. A Kofanhegan, babban birnin Denmak, an jera danjojin wasu tituna a kan gudun kilomita 20 a awa, yadda mai keke zai yi ta tarar da koriya a jere, sai dalilin karya danjar ya ragu da kansa. Dabarar farko, ta jan layi, fenti kawai take bukata da wanda zai tsaya ya ga an mutunta layin.

A mahaɗar da abin ya faru, na sake lissafi da gudun keke mai kaya, na ƙara sakan biyu a hannun da ya fi faɗi, na kuma rubuta a ja layin motoci baya. Sakan biyun ba za su fitar da mai kwandon tumatir daga mahaɗar ba, za su dai kai shi inda direban sahun gaba zai gan shi sosai kafin ya tashi. Takardar ƙirgena yanzu tana da gurbin keke, har biyu, mai kaya da marar kaya, kuma duk yaron da na tura ƙirge sai na nuna masa su da yatsa kafin ya fita.

Dattijon ya yi wata uku a kwance. Na je duba shi sau biyu a unguwarsu da ke bayan gari. Zuwa na biyu na tarar da keken a jingine a zaure, an miƙe tayar bayan, babban jikansa ne ke kai kayan kasuwa yanzu, yaro ɗan shekara goma sha biyar. Na matsa birkin na ji hannun ya tafi har ƙarfe bai kama komai ba. Na ce da yaron ya tura shi mu je wurin mai gyara a bakin titi, aka sa sabuwar roba gaba da baya, aka ɗaura masa jan madubi mai ƙyalli a bayan kariya saboda fitar asuba. A hanyar dawowa na tsaya da shi a bakin wata mahaɗa, na ba shi agogona, na ce ya ƙirga mini sakan nawa mai keken can zai yi kafin ya fice. Ya ƙirga tara.